Karon farko a filin golf na bakin teku: me za ka shirya, me za ka sauya?

Mai tambaya ya daɗe yana buga golf a Abuja, handikaf ɗinsa, wato adadin bugun da ake rangwanta masa gwargwadon gwanintarsa, 18 ne, kuma tafiya ta kama shi zuwa Sikotilan, inda aka shirya masa wasa a ɗaya daga cikin filayen bakin teku da ake kira linkis. Yana so ya san abin da zai tanada da abin da zai sauya a salon wasansa.

Malam, kafin komai ka sauya tambayar da kake yi wa kanka idan ka tsaya a kan ƙwallo. A gida ka saba tambayar yadi nawa ne zuwa tuta. A can tambayar ita ce: ina zan saukar da ƙwallon nan, kuma ina zai gangara bayan ya sauka? Kusan duk abin da zan faɗa maka daga nan ya samo tushe.

Filin linkis yana kan tuddan yashi ne da ke tsakanin teku da gonaki. Yashi ba ya riƙe ruwa, don haka ko an kwana ana ruwan sama, da hantsi za ka iske ƙasa ta koma da taurinta. Ciyawar wurin siririya ce mai suna feskiyu, ana aske ta ƙasa-ƙasa, ba ta ɗaga ƙwallo sama yadda ciyawar filin IBB na Abuja ke yi. Bishiyoyi kusan babu, saboda haka babu abin da zai tare maka iska. A girin, wato askakken wurin da rami da tuta suke, idan ana shayar da shi kullum, ƙwallo yana sauka ya yi tambari ya tsaya. A linkis, ƙwallon da ya sauka daidai gindin tuta yana iya yin tsalle ya wuce yadi 20 ko 30, ya fice ta bayan girin. Wanda ya taɓa wasa a Kano ko Kaduna ko Zariya cikin hunturu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau ƙwallo yana ta gudu, ya riga ya san rabin wannan karatu.

Mu fara da iska, don ita ce ke lalata wa baƙo wasa tun ramin farko. Ƙiyasin da masu koyarwa ke amfani da shi: idan iska na fuskantarka, ka ƙara kashi 1 cikin 100 na nisa a kan kowane mil ɗaya na gudunta a awa, idan tana bayanka, ka rage rabin haka. Wato bugun yadi 150 a gaban iska mai mil 20 ya koma kamar yadi 180, amma idan tana bayanka bai gaza 135 ba. Ka ga cutarwarta ta ninka taimakonta. Iska mai mil 15 zuwa 20 kuwa ba a ɗaukar ta wani abin mamaki a gaɓar Sikotilan. Ga kuma sanyi, wanda ke ƙara wa iska nauyi, ya rage wa ƙwallo tafiya. Nisan da ka sani na ayon 7 ɗinka, wato sandar ƙarfe mai lamba 7, a zafin Abuja, ka cire masa 'yan yadudduka tun kafin ka lissafa iska.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne, da ya ji iska a fuska sai ya ƙara ƙarfin bugu. Bugu mai ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyin baya, juyin baya kuma idan ya haɗu da iska mai tahowa sai ya ɗaga ƙwallon sama, ya tsaya cak a sararin sama, ya faɗo yadi 30 kafin girin. Maganinsa shi ne ka ɗauki sanda biyu ko ma uku sama da wadda ka saba, ka yi bugun a natse. Inda za ka ɗauki ayon 8, ɗauki 6. Ka sauko da hannunka santimita 2 zuwa 3 a kan mariƙi, ka mayar da ƙwallon baya kaɗan daga inda ka saba ajiye shi, kamar faɗin ƙwallo ɗaya ko biyu, ka ɗora kusan kashi 60 na nauyinka a ƙafar gaba. Ka ɗaga sanda kashi uku cikin huɗu kawai, ka ƙare bugun hannuwanka ba su wuce kafaɗa ba. Kada ka mayar da ƙwallon baya da yawa har kusa da ƙafar baya, domin sanda za ta sauko masa a tsaye ta ƙara masa juyin da kake gudu. A bugun direba, wato sandar bugu mafi nisa, ka ɗan rage tsayin ti, ɗan turken da ake ɗora ƙwallo a kai, ka kiyaye saurinka na yau da kullum.

Idan iska tana bayanka, matsalar ta juya. Juyin baya ba ya aiki sosai, ƙwallo yana sauka a kwance, ba ya tsayawa. A nan sai ka saukar da shi yadi 15, 20, wani lokaci har 30 kafin girin, ka bar ƙasa ta ƙarasa aikin. Iskar gefe kuwa, ƙwararru suna lanƙwasa ƙwallo ya yi gaba da ita. A ranar farko kada ka gwada haka. Ka auna gefen da take fitowa, ka bar ta ta kawo maka ƙwallon, kuma ka auna fiye da yadda zuciyarka ke so, domin bayan ya sauka ma zai ci gaba da gangarawa wannan gefen. Idan na-dama ne kai kuma ƙwallonka ya saba karkata dama, iskar da ke fitowa daga hagu ita ce babbar abokiyar gabarka: karkatar yadi 10 sai ta mayar da ita 30.

Ka kuma duba yadda aka shimfiɗa filin. Da yawa daga tsofaffin filayen, irin su Old Course na St Andrews da Royal Troon, suna miƙewa ne su fita tare da gaɓa, sannan su juyo gida. Ma'ana kana iya yin ramuka da dama a jere iska na bayanka, ka ji kamar ka gane wasan, sannan ka juyo ta tare ka har ƙarshe. Kada ka yanke wa kanka hukunci a rabin hanya. Muirfield daban yake, zobe biyu ne masu juyawa ta fuskoki mabambanta, don haka a can kusan kowane rami da tasa iskar.

Sai ramukan yashi, wato bonka. Ka manta da irin na gida masu faɗi da za ka iya buga ayon 6 daga ciki. Na linkis ƙanana ne, zurfafa, an gina bangonsu na gaba da yankakkiyar ciyawa, an ɗora wani yanki kan wani har ya tashi kusan a tsaye. Wata bonkar ta fi tsayin mutum. Kuma abin da ido ke gani ba shi ne girmanta na gaskiya ba, domin ƙasar da ke kewaye da ita ta karkata zuwa ciki kamar mazurari, ƙwallon da ya biyo yadi 10 daga gefenta ma tana iya haɗiye shi. Old Course kaɗai yana da 112, wasu ba a ganin su daga wurin bugun farko. A gasar Open ta 2000, babbar gasar golf ta Birtaniya, Tiger Woods ya yi ramuka 72 a wannan fili bai faɗa ko ɗaya ba, ya yi nasara da ratar bugu 8. A 2006 a Royal Liverpool sau ɗaya tak ya buga direba a duk gasar, yana ajiye ƙwallo da ayon kafin layin bonka, ya sake lashe kofin. Darasin a bayyane yake: a wurin bugun farko ka nemi nisan bonka mafi kusa, ka lissafa da gudun ƙwallo a ƙasa, ka zaɓi sandar da ba za ta kai ta ba. Ayon 4 ko haibirid (sandar da ta haɗa siffar ayon da ta itace) da ke zuwa yadi 180 a sama yana iya ƙarasa 210 a busasshiyar ƙasa.

Idan ka faɗa, burinka ɗaya ne, ka fito a bugu ɗaya. Ɗauki weji, sandar ɗaga ƙwallo sama a gajeren bugu, wanda fuskarsa ta fi kwanciya, mai digiri 56 zuwa 60, ko da saura yadi 200 zuwa tuta. Ka buɗe fuskar sanda kafin ka kama mariƙi, ka buɗe ƙafafu, ka durƙusa kaɗan, ƙwallon yana wajen ƙafar gaba, ka daki yashi kamar santimita 4 zuwa 5 a bayansa, kuma ka ƙarasa bugun da sauri. Yawanci abin da ke hana fita shi ne tsoron bango, mutum ya rage sauri daf da yashi. Kafin ka buga, ka dubi bangon da gaskiya. Idan ƙwallon yana jikinsa, fita ta gefe ko ta baya ba abin kunya ba ne. Tommy Nakajima ya yi bugu 4 a cikin bonkar rami na 17 a St Andrews a 1978, ya ƙare ramin da 9. Jack Nicklaus ya yi 10 a rami na 14 a 1995 bayan ya maƙale a Hell Bunker. Ka kuma san dokar da aka shigo da ita a 2019: idan ka ga babu hanya, kana iya ɗaukar tarar bugu 2 ka fito da ƙwallon waje, ka ajiye shi a bayan bonkar a kan layin da ya haɗa tuta da inda yake. Da tarar bugu 1 kuwa, ko dai ka ajiye a cikin yashin, ko ka koma inda ka yi bugun da ya gabata. Ka shiga ta ɓangaren da ya fi ƙasa, kada ka hau bango, ka share sawunka kafin ka tafi.

Yanzu wajen girin, inda nake ganin za ka fi ceton bugu. A askakkiyar ƙasa mai tauri, weji mai digiri 60 sanda ce mai haɗari. Gindinta yana dukan ƙasa ya yi tsalle, bakinta ya sari ƙwallon a ciki, ya harba shi can ƙetare. Idan kuma ka ji tsoron haka ka sauko da wuri, sai ƙwallon ya tafi taku uku. Tsarin da ya kamata ka bi shi ne: in fota, sandar mirgina ƙwallo zuwa rami, za ta yi, fota; in ba za ta yi ba, ayon 7 ko 8 ko haibirid; weji sai dole, wato idan akwai bonka ko rafi tsakaninka da tuta. Fota daga yadi 20 ko 30 a wajen girin abu ne da 'yan gari ke yi kullum, kuma mafi munin bugun fota ya fi matsakaicin bugun weji na baƙo kusa da rami. Ka tsaya a ɗan miƙe, ka tsawaita lilon sanda maimakon ka fizge ta da wuyan hannu.

Gangarawa da ayon 8 kuwa ga yadda take: ƙafafu kusa da juna, ƙwallo a tsakiya ko baya kaɗan, hannuwa a gaban ƙwallo, nauyi a ƙafar gaba, wuyan hannu ba ya motsi. Ƙwallon zai yi kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyarsa a sama, sauran a ƙasa. Abin lura shi ne wurin sauka. Ka nemi shimfiɗaɗɗen wuri, domin idan ya sauka a fuskar tudu zai mutu, idan ya sauka a bayan tudu zai harba gaba. Todd Hamilton ya ci gasar Open ta 2004 a Royal Troon yana gangara ƙwallo da haibirid daga wajen girin, har a ramin ƙarshe na bugun raba gardama da Ernie Els. Idan kana da zaɓi a cikin sandunanka 14, ka ɗauki wejin da tudun gindinsa bai wuce digiri 6 zuwa 8 ba, kuma ayon mai tashi ƙasa-ƙasa ya fi maka amfani a kan itace mai lamba 7 da ke cilla ƙwallo sama.

Ba kowane rami ne ke karɓar gangarawa ba. Ramin farko na Old Course ma akwai rafin Swilcan kwance daf da gaban girin, dole ka tsallake shi ta sama, kuma baƙi da yawa suna faɗawa saboda sun raina iska. A irin wannan wuri ka ɗauki sanda mai isa, ka yarda ƙwallon ya wuce tuta.

Girin ɗin kansa yawanci ya fi wanda kake gani a gasannin Amurka rashin sauri. Da gangan ake barin sa haka, domin in an aske shi sosai iska za ta riƙa tura ƙwallo. A 2015 sai da aka dakatar da wasa a St Andrews saboda haka, gasar ta kai ranar Litinin. Ga shi kuma da girma. Old Course yana da girin 7 da ramuka biyu-biyu ke tarayya a kansu, mafi girma shi ne na rami na 5 da na 13, wanda ya doshi yadi 100 daga gaba zuwa baya. Ka tabbatar tutar da kake auna taka ce. Za ka yi bugun fota na mita 20 da 25 sau da yawa, kuma abin da ake nema a nan shi ne nisa, ka bar ƙwallon cikin taku ɗaya da rami. Iska mai ƙarfi tana karkatar da bugun fota ma, musamman daf da tsayawarsa. Ka buɗe ƙafafu don kada ta girgiza ka. Idan ka isa girin, ka sa alama ka ɗaga ƙwallonka nan da nan: in ka mayar da shi sannan iska ta tura shi, doka ta ce ka komar da shi wurinsa ba tara, in ba ka taɓa ɗaga shi ba, duk inda ta kai shi daga nan za ka buga.

Doguwar ciyawar gefe tana yaudara. Daga nesa kamar ba ta da kauri, amma tana naɗe wuyan sanda ta rufe fuskarta, ƙwallon na-dama ya fice hagu ƙasa-ƙasa. Ɗauki weji, ka riƙe da ƙarfi, ka buɗe fuska kaɗan, ka sauko a tsaye, ka koma tsakiyar fili ta hanya mafi kusa. Akwai kuma wata ƙaya mai furanni rawaya da ake kira gos. Ita kada ka shiga, kada ka gwada bugu daga cikinta. Ɗauki tarar bugu 1. Lokacin neman ƙwallo minti 3 ne, don haka duk sanda ka ga ya nufi ciyawa ko ƙaya, ka sanar da abokan wasa ka buga na ko-ta-kwana. Ka bi ƙwallonka da ido har ya tsaya, ka riƙe wata alama a layinsa, domin filin da babu bishiya ko'ina kama yake da ko'ina. Mai handikaf 18 ya tafi da ƙwallaye 10 zuwa 12.

Za ka haɗu da bugun da ba ka ganin inda ƙwallo zai sauka. Ana kafa sanda mai launi ko a ajiye farin dutse a kan tudu don nuna layi. A Lahinch na ƙasar Ayalan, rami na 5 mai bugu uku yana ɓoye tsakanin tuddai, farin dutse ne ke nuna inda tuta take a ranar. Prestwick, inda aka fara gasar Open a 1860, shi ma yana da irin su. Alamar an kafa ta ne don wanda ke tsakiyar fili. In kana gefe, layinka ya sauya, sai ka hau tudun ka duba da kanka. Inda aka rataya ƙararrawa, ka jira ka ji na gabanka sun kaɗa, kai ma ka kaɗa idan ka wuce.

Saboda wannan duka, in aljihu zai ɗauka, ka ɗauki kadi, wato mai ɗaukar maka jaka da ba ka shawara, a wasan farko. Ana neman sa tun lokacin rajista, ana biyan sa kuɗinsa da ɗan hasafi a ƙarshe. Ka faɗa masa nisan da ƙwallonka ke yi a sama da kowace sanda, na gaskiya, na yau da kullum, da gefen da yake yawan karkata. Idan ya ce ka auna wata hasumiyar coci a cikin gari alhali kana ganin tuta can dama, ka bi maganarsa. In babu kadi, sayi littafin filin a shago. Ka kuma buga daga wurin farawa na baƙi. Tsawon yadi 6,000 zuwa 6,300 ya ishe ka a cikin iska.

Tufafi: ko a watan Yuli ma'aunin zafi a gabashin Sikotilan yakan tsaya tsakanin digiri 12 da 19, ga iska da yayyafi mai zuwa ba sallama. Riguna marasa nauyi biyu ko uku a jere sun fi ƙatuwar riga ɗaya da za ta hana ka juyawa. Ka tanadi riga da wando masu hana ruwa, safar hannu ta ruwan sama guda biyu, hular sanyi, tawul biyu, ɗaya a ɓoye cikin jaka. Lema ba ta cika amfani ba idan iska ta tashi. Da ƙafa za ka yi wasan, kilomita 8 zuwa 10 a kan tudu da kwari, domin filaye da yawa ba sa ba da motar fili sai da takardar likita. Kada ka sa sabon takalmi ranar. Mutanen can suna son wasa ya ƙare cikin awa 4 ko ƙasa da haka, kuma suna lura da wanda ke jan ƙafa. Ka cire hula idan za ka shiga gidan kulob. In Old Course ne, ka tafi da shaidar handikaf ɗinka, ka kuma san cewa ba a wasa a cikinsa ranar Lahadi sai lokacin manyan gasanni.

Wajen lissafi, ina ba ka shawara ka yi amfani da tsarin Stableford maimakon ƙirga kowane bugu: maki 2 idan ka cika ƙa'idar rami bayan an cire handikaf, maki 1 idan ka ɗara da bugu ɗaya, in ka wuce haka ka ɗauki ƙwallonka ka yi gaba. Dakta Frank Stableford ne ya tsara shi, aka fara gasa da shi a 1932 a Wallasey, filin bakin teku mai yawan iska a Ingila. Rami ɗaya da ya cinye maka bugu 9 ba zai ɓata sauran 17 ba, kuma ba za ka tsayar da na bayanka ba.

Kafin tafiyar, a makonnin da suka rage, ka ware lokacin atisaye ga abu uku. Buga ayon 6 zuwa yadi 120 kacal, sannan 100, har ka saba da gajeren bugu mai tafiya ƙasa-ƙasa. Nemi wurin da ciyawa ta ƙare ƙasa ta yi tauri, ka riƙa gangara ƙwallo da ayon 8 da haibirid zuwa yadi 30 da 50, kana lura da inda yake sauka. Sannan fota daga wajen girin. Ranar wasan ka isa da awa ɗaya, ka ba minti 20 daga ciki ga dogayen bugun fota, in kuma akwai bonkar atisaye ka shiga ka buga biyar ko shida, domin yashin can ya fi na gida laushi da nauyi, kuma gara ka ji shi a hannunka kafin a fara rubuta maki.